Zare da Siyasa: Sharhi a Kan Yadda Ake Yanke wa Masaƙu Hukunci a Teburin Shawara

Tun lokacin da aka fara haɗa injunan kaɗi da saƙa a ƙasar Ingila, wajen ƙarshen ƙarni na 18, babu wata sana'a da ta jawo saɓani tsakanin malaman siyasa da na tattalin arziki, ko ta cinye lokacin jakadu a majalisun duniya, kamar sana'ar tufafi. Dalili kuwa shi ne, ita ce ƙofar da galibin ƙasashe suka bi suka shiga zamanin masana'antu, domin jarinta bai kai na ƙarfe nauyi ba, tana ɗaukar hannaye masu yawa, kuma abin da take fitarwa abu ne da talaka da basarake ba su da makawa sai sun saya. Saboda haka wanda ke son ya fahimci yadda ra'ayin malamai ke zama manufar hukuma, yadda manufar hukuma ke zama yarjejeniya tsakanin ƙasashe, da yadda yarjejeniya ke rayar da masana'anta a wani gari ta kashe ta a wani, to ya bi tarihin zare, zai tarar da mas'alar duka a cikinsa.

Asalin saɓanin tambaya ɗaya ce: shin maslahar al'umma tana cikin sakin kasuwa ta yi halinta, ko kuwa tana cikin hukuma ta tsaya wa masu sana'arta har su yi ƙarfi? Mazhaba ta farko jagoranta Adam Smith ne, mutumin Sikotilan, wanda ya fitar da littafinsa a kan arzikin al'ummai a 1776, sa'an nan David Ricardo ya zo a 1817 ya ƙarfafa ta da hujjar da har yau ake karantarwa a jami'o'i. Hujjar ita ce, ko da wata ƙasa ta fi wata gwaninta a kowace sana'a, duk da haka ribarsu su biyu tana cikin kowace ta duƙufa a kan abin da ya fi mata sauƙi in an gwada da sauran ayyukanta, su yi musanya. Misalin da ya kafa shi ne na Ingila mai yadi da Fotugal mai ruwan inabi. Ba za a raina wannan hujja ba, gama ita ce ta bayyana dalilin da ya sa matar talaka a yau take iya sayen turmin atamfa da araha, kuma rahusa ga mabukaci alheri ne da bai kamata mai hankali ya yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Mazhaba ta biyu ta fito ne daga ƙasashen da suka tarar Ingila ta riga su nisa. Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, ya miƙa wa majalisar ƙasarsa rahoto a 1791 yana neman a tallafa wa masana'antu masu tasowa. Friedrich List kuma, Bajamushe wanda ya zauna Amurka ya ga abin da idonsa, ya rubuta a 1841 cewa ikon samar da dukiya ya fi dukiyar kanta daraja, kuma ƙasar da ta riga ta hau sama da taimakon kariya, in ta juyo tana yi wa na ƙasa wa'azin sakin kasuwa, janye tsanin da ta taka take yi. Tarihi ya ba shi shaida mai ƙarfi. A 1700 majalisar Ingila ta hana shigo da yadin Indiya mai zane, a 1721 ta hana ma sanya galibin irinsa, alhali a lokacin masaƙan Indiya sun fi na Ingila gwaninta da araha nesa ba kusa ba. A inuwar wannan hani ne masaƙun Lankasha suka girma. Har misalin Ricardo kansa, in aka bi salsalarsa, za a ga yarjejeniyar 1703 ce ta share masa fage, wadda a cikinta Fotugal ta buɗe wa ulun Ingila ƙofa, Ingila kuma ta sassauta wa ruwan inabin Fotugal kuɗin fito. Ashe abin da aka ɗauka ɗabi'ar kasuwa ce, jakadu ne suka zauna suka ƙulla shi.

Malaman Musulunci ba su zama 'yan kallo a wannan bahasi ba, ko da yake sun yi shi da nasu lafazin. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi gargaɗi cewa sarkin da ya shiga fatauci da kansa yana cutar da talakawansa yana kuma lalata harajinsa, kuma daula tana samun kuɗin shiga mai yawa sa'ad da harajinta ke da sauƙi, ta sami kaɗan sa'ad da ta tsananta. Wannan kuwa ya yi kusa da maganar mazhaba ta farko. Amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa raya masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina, a cikin wajiban shugaba. Wannan kuma ya karkata ga ta biyu. In aka haɗa maganganun biyu sai a sami mizani mai kyau: shugaba ba ɗan kasuwa ba ne da zai yi gasa da talakawansa, amma an ɗora masa alhakin gyara yanayin da sana'a za ta rayu a cikinsa. Amfanin wannan mizani ya bayyana a ƙasar Kano ta ƙarni na 19, inda Heinrich Barth ya iso a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a birni da ƙauyuka suna kaiwa har Tumbutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin karofi, ana tsoma zane ana ɗagawa ya sha iska har shuɗinsa ya kama, sa'an nan a kai wa mabuga su yi ta bugunsa a kan gungume sai ya ɗauki ƙyalli, ya ga ragowar masana'antar da ta taɓa tufatar da mutane daga Sahara zuwa bakin daji. Ƙarfinta ya kai har lokacin da ƙungiyar Turawa masu neman auduga, wadda aka kafa a 1902, ta zo saye domin masaƙun Lankasha, sau da yawa masaƙan gida sun fi ta tayi mai tsoka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da fatan kwasar auduga, sai gyaɗa ce ta cika taragunsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasashe 23 suka rattaba hannu a Janeba a 1947 a kan yarjejeniyar rage kuɗin fito da ake kira GATT, wadda ginshiƙinta shi ne kada a nuna bambanci tsakanin abokan ciniki, kuma kada a ƙayyade yawan kayan da za su shigo. Amma da masaƙun Japan suka farfaɗo, rigunansu masu araha suka cika kantunan Amurka, sai aka ga waɗanda suka rubuta ƙa'idar su ne farkon masu neman rangwame daga gare ta. A 1957 aka matsa wa Japan ta taƙaita abin da take aikawa, aka kira abin da sunan ganin dama. A 1961 aka yi yarjejeniyar wucin gadi a kan yadin auduga, a 1962 aka mayar da ita mai dogon wa'adi, a 1974 kuma aka faɗaɗa ta ta haɗa ulu da zaren roba. Wannan tsari, wanda ya ba ƙasashe masu arziki damar yanka wa kowace ƙasa mai tasowa kason riguna da wanduna da za ta shigar a shekara, shi ya mulki kasuwar tufafi ta duniya har ƙarshen 2004. Abin da aka kawo da sunan lalura ta ɗan lokaci ya shekara arba'in da 'yan kai.

A nan ne malaman ilmin shawarwari tsakanin ƙasashe suka shigo da bayanin da masana tattalin arziki suka bari. Albert Hirschman ya nuna tun 1945 cewa ciniki tsakanin babba da ƙarami makami ne, domin wanda zai iya barin cinikin ba tare da ya ji a jikinsa ba shi ne ke riƙe da wuyan ɗayan. Robert Putnam kuma ya bayyana a 1988 cewa kowane wakili a teburi biyu yake zaune a lokaci guda, ɗaya da takwarorinsa na waje, ɗaya da mutanen gida waɗanda sai sun yarda yarjejeniya za ta tabbata, kuma wakilin da mutanen gidansa suka ɗaure wa hannu yakan fi samun biyan bukata, tun da yana iya cewa da gaskiya ba shi da ikon sallamawa. Tarihin tufafi ya gaskata su duka biyu. Masaƙun Amurka sun taru ne a jihohin kudu, masu ƙuri'u da sanatocin da kowane ɗan takarar shugabanci ke bukata, shi ya sa Kennedy da Nixon duka suka yi musu alkawari kafin zaɓe suka kuma nemi cikawa a kan Japan. Har ta kai maganar mayar wa Japan tsibirin Okinawa, wadda Nixon da firaminista Sato suka tattauna a 1969, ta sarƙe da maganar yadi, aka yi ta ja-in-ja har 1971 kafin Japan ta sallama, aka mayar mata da tsibirin a 1972. Ga al'amarin ƙasa da tsaro, ga al'amarin zare, an ɗora su a kan sikeli ɗaya.

Wani abin lura, wanda ya kamata ya sa kowane mai tsara manufa ya yi tawali'u, shi ne yadda wannan ƙayyadewa ta haifar da abin da masu ita ba su nufa ba. Da kason Koriya ta Kudu da na Hon Kon ya cika, sai masu jarinsu suka bazama neman ƙasashen da ba a yanka wa kaso ba tukuna. A 1979 kamfanin Daewoo na Koriya ya haɗa gwiwa da kamfanin Desh na Bangaladash, aka kwashi ma'aikata 130 aka kai su Koriya suka koyi aikin, da suka dawo kuma da yawansu suka fita suka kafa nasu. Yau tufafi sun haura kashi 80 cikin ɗari na abin da Bangaladash ke sayarwa a waje. Bai kamata a ɓoye farashin da aka biya ba, gama a watan Afrilu na 2013 ginin Rana Plaza ya rufta ya hallaka mutum fiye da 1,100, galibinsu mata maɗinka. Arahar da ake alfahari da ita wani lokaci da ran ma'aikaci ake sayenta. Amma darasin yana nan: layi ɗaya a cikin takardar yarjejeniya yana iya ɗauke masana'anta ɗungurungum daga wata nahiya ya dasa ta a wata.

Kawar da wannan tsari shi ne babban abin da ƙasashe masu tasowa suka nema a zagayen shawarwarin da aka buɗe a Yurugwai a 1986 aka rufe a Marakash a 1994, wanda ya haifi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a farkon 1995. Sun samu, amma da tsada, domin a madadinsa sun karɓi sababbin dokoki masu nauyi a kan haƙƙin mallakar fasaha da magunguna. Kuma an tsara janyewar a kan shekara goma, a matakai huɗu, aka jinkirta kashi 49 cikin ɗari, wato kusan rabi kuma mafi amfani, har ranar ƙarshe, 1 ga Janairu 2005. Kafin wannan rana ta zo, ƙasar Sin ta riga ta shiga ƙungiyar a Disamba 2001, da masaƙu da hanyoyi da tasoshin jiragen ruwa waɗanda ba mai iya gasa da su. Ƙananan ƙasashen da suka yi fafutukar buɗe ƙofa sai suka tarar wani ya riga su shiga, su kuma manyan, Turai da Amurka, tun cikin 2005 ɗin suka koma teburi da Sin suka sake ɗaura mata iyaka ta 'yan shekaru.

Misalin auduga ya fi kowane fito da bambanci tsakanin samun gaskiya da samun ƙarfi. A 2003 ƙasashe huɗu, Binin da Burkina Faso da Cadi da Mali, suka kai kuka cewa tallafin biliyoyin daloli da Amurka ke ba manoman audugarta, waɗanda ba su wuce dubu 25 ko makamancin haka ba, yana karya farashin da miliyoyin manoman Afirka ta Yamma suka dogara a kansa. Hujjarsu ta ratsa zukata, kuma tana cikin dalilan watsewar taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Kankun a watan Satumba na wannan shekara. Amma abin da suka samu galibi alkawari ne da kwamiti. Barazil kuwa ƙara ta shigar a gaban ƙungiyar kan wannan tallafi a 2002, ta yi nasara a 2004, aka tabbatar mata a 2005, aka kuma ba ta izinin ramuwa har a kan haƙƙin fasahar kamfanonin Amurka. Nan da nan aka nemi sulhu da ita, aka riƙa biyanta dala miliyan 147 a shekara daga 2010, aka rufe maganar da dala miliyan 300 a 2014. Da'awa ɗaya ce, amma ɗaya mai da'awar yana da abin da zai hana, ɗayan kuwa ba shi da shi.

To, ina matsayinmu, mu 'yan Nijeriya, a cikin wannan duka? Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, a zamanin gwamnatin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya a shekarun 1960 da jarin mutanen Hon Kon, Arewa Textiles kuma da na Japan, har masaƙa ta zama babbar mai ɗaukar ma'aikata a cikin masana'antun Nijeriya, unguwar Kakuri ta zama gari mai zaman kanta, inda jiniyar canjin aiki ke tsara wa mai tuwo da mai shayi da mai gyaran keke lokutansu. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, UNTL ta rufe ta Kaduna a 2007. Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan yadin Sin da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kuma akwai gaskiya a ciki, amma adalci ya wajabta a faɗi sauran. Masaƙunmu kasuwar gida da ta maƙwabta suke ci, saboda haka janye kaso a Turai da Amurka bai taɓa su kai tsaye ba; abin da ya same su shi ne, yadi mai araha ya iso ya tarar da su sun riga sun raunana. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da sinadarin rini suka yi tsada. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar auduga ba tare da an tsayar da mai kula da iri da inganci a gurbinta ba. Wutar lantarki ta zama sai an gani, masaƙa ta koma ƙona baƙin mai da gas domin ta kunna injinta. Hukuma kuma ta yi ta hani tana buɗewa, tana sake hanawa tana sake buɗewa, har mai jari ya kasa sanin abin da gobe za ta haifar. A lokutan hanin ma, diloli suna sauka a Kwatano, su bi ta Nijar su ɓullo ta Maraɗi, su wayi gari a Kantin Kwari, inda mai shago zai buɗe maka turmi mai zanen gida da rubutun gida a gefensa alhali a hayin teku aka buga shi. Hanin da ba a iya tsarewa bai kare masaƙi ba, bai ƙari baitulmali ba, ɗan fasa-ƙwauri kaɗai ya azurta.

In an auna hujjojin ɓangarorin biyu da wannan tarihi, ra'ayin da ya rinjaya a wurina shi ne, kariya halal ce, wani lokaci ma wajiba ce, amma da sharuɗɗa, kamar bashi mai wa'adi da shaidu. Alice Amsden, wadda ta yi nazarin Koriya ta Kudu ta fitar da littafinta a 1989, ta nuna cewa abin da ya bambanta Koriya da ƙasashen da suka yi kariya suka tashi a tutar babu shi ne, hukuma ba ta ba da tallafi kyauta ba, sai a kan ma'auni, musamman yawan abin da kamfani ya iya sayarwa a kasuwar waje, wanda ya gaza kuwa a janye masa. Kariya marar sharaɗi zalunci ce ga mabukaci, domin ana tilasta masa sayen mai tsada ba tare da ranar sauƙi ba. Sakin kasuwa marar shiri kuma sakaci ne da amanar ma'aikaci. Su kansu manyan ƙasashe sun daina ɓoye wannan, tun da Amurka ta ɗora wa kayan Sin haraji mai nauyi daga 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta Ƙungiyar Ciniki ta daina aiki a Disamba 2019 saboda an hana naɗa mata alƙalai, kuma a 2022 Amurka ta ware biliyoyi domin tallafa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikin gida. Littafin List da aka ce zamaninsa ya wuce, ga shi an sake buɗe shi a Washintan.

Yanzu kuma ga teburi a gabanmu. An ƙulla yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Kigali a watan Maris na 2018, Nijeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yuli na 2019, kuma ba mamaki da ƙa'idar asalin kaya ta tufafi ta kasance cikin mas'alolin da suka fi daɗewa ba a warware ba; domin a kanta ne za a san ko rigar da aka ɗinka a Afirka da yadin Asiya za ta shiga kasuwanninmu a matsayin 'yar gida, ko kuwa sai an kaɗa zarenta an saƙa yadinta a nahiyar. Amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko manomin auduga na Funtuwa da Gusau da kudancin Cadi yana da rabo a cikin wannan kasuwa ko ba shi da shi. Saboda haka ina kira ga malaman jami'o'inmu su karanta waɗannan takardu layi-layi su fassara wa jama'a da harshen da suke ji. Ina kira ga manoma da masu gidajen gurza da masaƙa da maɗinka da 'yan Kwari su zauna su daidaita bukatunsu, waɗanda suka saɓa wa juna, kafin wakili ya tashi zuwa taro. Ina kuma kira ga hukuma ta gyara wuta da iri da iyaka, ta tsaya a kan manufa ɗaya shekaru masu yawa, ta ɗora wa duk wanda ta kare sharaɗi da wa'adi. Wakilin da ya bar gida a gyare shi ake saurara a majalisar ƙasashe, wanda ya bar shi a wargaje kuwa sa hannu kawai ake jira ya yi.